Maganin Zubar da Ciki a Gaban Doka: Wa Hukuncin Yake Faɗa wa a Kano?

A cikin magungunan da ke yawo a birnin Kano, daga ɗakunan haihuwa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano har zuwa ƙananan kemis na cikin lunguna, da wuya a sami wanda matsayinsa ya rikice kamar misoprostol. Ƙaramar ƙwaya ce fara, wadda kamfanin Searle na Amurka ya fitar a shekarun 1980 da sunan Cytotec domin masu gyambon ciki. Aikinta a jikin mace shi ne ta sa mahaifa ta tsuke, bakin mahaifar kuma ya yi laushi. Wannan tsukewar ce take tsayar da jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa, ita ce take fitar da ragowar abin da ya maƙale bayan ɓari, kuma ita ce dai take zubar da cikin da bai yi ƙwari ba. Saboda haka ƙwayar da malamar asibiti take bai wa mai jego don ta rayu, ita ce ƙwayar da za ta iya kai wata mace gaban alƙali, kuma babu wani abu a jikin maganin da ya raba tsakanin matan nan biyu.

Akwai magani na biyu da ake haɗa shi da ita, wato mifepristone, wanda aka fara yarda da shi a Faransa a 1988, Amurka kuma ta biyo baya a 2000. Shi aikinsa toshe sinadarin da ke riƙe da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗin magungunan biyu a jerin magungunanta masu muhimmanci a 2005. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi wa misoprostol rajista musamman domin zubar jinin haihuwa, a farkon 2006, ta hannun NAFDAC. Ba a yi hakan a banza ba: a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020, mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya, kuma zubar jini yana sahun gaba cikin abin da ke kashe su.

Dokar da ke hukunta zubar da ciki a Kano ta girmi maganin da shekaru masu yawa. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda lauyoyi ke kira Penal Code, an zartar da shi a 1959, ya fara aiki a 1960. Sashe na 232 ya ce duk wanda ya sa mace ta yi ɓari da gangan, in ba da kyakkyawar niyyar ceton ranta ba, za a iya ɗaure shi har shekara 14, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun, kuma macen da ta zubar da kanta tana cikin wannan hukunci. A Kudu, inda Criminal Code ke aiki, an raba abin gida uku: shekara 14 ga wanda ya yi aikin, bakwai ga matar, uku ga wanda ya samar da maganin ko kayan aikin. Tushen kundin Arewa shi ne kundin Sudan, wanda shi kuma aka ciro daga kundin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta wa Indiya a 1860. Ingila ta sassauta nata a 1967, Indiya ta bi a 1971, mu kuwa muna nan da abin da aka bar mana. Dokar Shari'a da Kano ta kafa a 2000 ta zo ta tarar da shi, suka ci gaba da tafiya tare, kowace da kotunanta.

Wannan tarihi yana da amfani domin yawancin mutanen gari suna ɗauka cewa ɗaurin shekara 14 daga fiƙihu ya fito, alhali ba haka ba ne. Gaskiya ne cewa mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ita ce mafi tsanani a wannan babi: mashahurin zance a cikinta shi ne ba ya halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba, duk da cewa an ruwaito sassauci kafin kwana 40 daga Lakhmi, ɗaya daga cikin malaman mazhabar. Hanafawa da yawa sun ba da dama kafin kwana 120 idan akwai uzuri, suna dogara da hadisin Ibn Mas'ud kan matakan halitta da busa rai, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1990 cewa ana iya cire cikin da likitoci amintattu suka tabbatar yana da mummunar tawaya, matuƙar bai kai kwana 120 ba. Bayan busa rai kuwa bakin malamai ya zo ɗaya a kan haramci, sai dai in ran uwar ne a kan siraɗi. Amma idan aka zo ga abin da alƙali yake yankewa, asalin da ke cikin hadisi shi ne gurra, wato diyyar ɗan tayin da aka zubar, wadda Manzon Allah (SAW) ya hukunta a shari'ar matan nan biyu na ƙabilar Huzailu, kuma Malikawa suka ƙiyasta ta da kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar, dinare 50 ko dirhami 600, tare da ladabtarwar da shugaba ya ga ta dace. Ke nan haramcin abu daban, irin sandar da hukuma za ta ɗauka a kansa daban, kuma mutum zai iya riƙe na farko da hannu bibbiyu ya kuma tambayi ko na biyun yana yin aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Amsar wannan tambaya, a iya abin da bincike ya nuna, ita ce ba ya yi. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, mai binciken lafiyar haihuwa, tare da masana na Ibadan sun ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012, ninki biyu na 610,000 da aka ƙiyasta a 1996. A wannan shekara ta 2012 mata kusan 212,000 aka yi wa magani a asibiti saboda matsalar da ta biyo baya, wasu kusan 285,000 kuma suka sami matsala mai tsanani amma ba su je ko'ina ba. Wani bincike da aka yi a 2018 a jihohi bakwai, har da Kano, ya gano cewa fiye da shida cikin kowane goma na zubar da ciki an yi su ne ta hanya mafi haɗari, kuma waɗanda ba su yi makaranta ba da mafiya talauci su suka fi faɗawa wannan rukuni. A gefe guda kuma, ba kasafai ake jin an gurfanar da mace a kotu a kan sashe na 232 ba, sai dai in an yi asarar rai ko rigima ta ɓarke tsakanin iyalai. Dokar da ake karyawa sau fiye da miliyan a shekara, ake kuma hukunta 'yan tsiraru da ita, ba a kotu take yin aikinta ba. Tana yin sa ne a farashi, da a bakin da ya yi shiru, da kuma a ƙafar da ta ƙi takawa zuwa asibiti.

A dubi yadda abin yake faruwa a ƙasa. Matar mai hali, ko 'yar mai hali, tana da likitan gida ko asibitin kuɗi a Nasarawa ko kan titin gidan zu, inda za a yi mata sikanin, a san watannin cikin, a tabbatar ba a wajen mahaifa ya zauna ba, a rubuta a fayil cewa ciki ne ya lalace aka yi wankin ciki, ta koma gida asirinta a rufe. Wadda ba ta da hali kuwa kemis take dosa, kuma ba na unguwarsu ba, domin mai kemis na unguwa ya san mahaifinta ko mijinta. Sau da yawa ma ba ita ke zuwa ba, ƙawa ake aika, ko saurayin, ko wata dattijuwa da aka amince da ita. Ba a ambaton sunan abin, sai a ce, “Malam, al'ada ce ta tsaya, a taimaka.” Mai kemis zai leƙa waje, ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta, ya yanko 'yan ƙwayoyi da almakashi, ya ƙunshe a takarda ko farar leda, ba kwali, ba takardar bayani, ba ranar lalacewa. Kuɗin da zai faɗa ya ninka na gaskiya, domin yana sayar da kasadar da ya ɗauka tare da maganin, kuma mai saye ba ta da bakin yin ciniki. Ba zai tambayi wata nawa ba ne, ba zai faɗi irin jinin da in an gan shi dole a ruga asibiti ba, domin duk kalmar da ya ƙara shaida ce a kansa. Wadda ko kuɗin wannan ba ta da shi sai ta koma ga abin da kakanni suka sani, jiƙe-jiƙe da kanwa da shuɗin wanki, ko ɗakin wani da ya taɓa aikin share asibiti ya koyi riƙe ƙarfe.

Ya kamata a faɗi wani abu da ke ɓata wa mutane rai idan aka faɗa: ba 'yan mata marasa aure kaɗai ke cikin wannan layi ba. Akwai matar aure mai goyon wata biyar da ciki ya shiga, tana tsoron rurrutsa da gorin kishiya da dangin miji. Akwai wadda ta haifi takwas, likita ya gargaɗe ta bayan jijjiga ta kusa tafiya da ita, miji kuma ya hana ta maganin tazara. Akwai bazawarar da tsohon miji ke kewayowa da alkawarin kome, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye aka kwantar a ɗakin girki na gidan da samari suka cika, da 'yar talla da ake kira cikin kango da sunan za a saye duka farantin. Abin da ya haɗa su shi ne, babu ɗayarsu da ke da iko a kan yadda cikin ya shiga, kuma babu mai kuɗin sayen rufin asiri.

Inda dokar ta fi yin ɓarna, a ganina, shi ne wajen hujja. Tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cikin da aka san da shi yana zubewa da kansa, kuma ɓarin da magani ya jawo da wanda Allah ya kawo kamarsu ɗaya a idon likita: ciwon mara ɗaya, jini ɗaya, magani ɗaya. Babu wani gwaji na yau da kullum a asibitocinmu da zai raba su. To, idan jiki ba ya ba da shaida, daga ina zargi zai fito? Daga kamannin mai jinyar zai fito. Duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa na mata a wani babban asibitin gwamnati ya san tambayoyin da ake jerowa kafin a ɗaura ruwa: “Baiwar Allah, ina mijinki? Wa ya kawo ki? Me kika sha?” Tambaya ta ƙarshe tana da amfani a likitance, kuma yawancin ma'aikata don ceto suke yin ta, amma matar da ta zo da miji da katin awo tana jin ta a matsayin kulawa, yarinyar da ƙawarta ta kawo a adaidaita sahu da tsakar dare kuma tana jin ta a matsayin tuhuma. Don haka sai ta ƙi zuwa. Za ta kwana biyu ko uku tana canza tsumma, zazzaɓi na hawa, har sai wari ya tona abin da take ɓoyewa, a kawo ta rai kwakwai mutu kwakwai, a ce dangi su nemo leda biyu ko uku ta jini. Kula da mace bayan ɓari, ko wane iri ne, halal ne a dokar Najeriya, kuma aikin asibiti ne, amma wannan bayani bai isa kunnen waɗanda suka fi buƙatarsa ba.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi El Salbado a Amurka ta Tsakiya, wadda ta haramta zubar da ciki kwata-kwata tun 1998, ko da don ceton rai ne. A can an ɗaure mata shekara 30 bisa tuhumar kisan kai bayan sun yi ɓari ko sun haihu babu rai. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta wata da ake kira Manuwela don sakaya sunanta, 'yar ƙauye wadda ba ta iya karatu da rubutu ba, wadda likitar da ta karɓe ta a 2008 ta kai ƙararta, aka yanke mata shekara 30, ta rasu a tsare a 2010 da ciwon daji. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ce ƙasar ta zalunce ta, ta kuma keta sirrin da ke tsakanin likita da majinyaci. Babu labarin matar attajiri a cikin irin waɗannan fayiloli, domin asibitin kuɗi ba ya kiran 'yan sanda a kan wadda ke biyansa.

Mu a nan muna da wani nauyi na daban da ke tura mace ga ƙwayar tun farko. A mazhabar Malikiyya bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce ta zina, sai in ta kawo abin da zai kare ta. Da wannan aka yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a Sakkwato a 2001, aka yanke wa Amina Lawal a Katsina a 2002, kafin kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a su wanke su a 2002 da 2003. A shari'o'in biyu mazan da aka ambata sun tafi gida, domin namiji ba ya ɗauke da shaida a jikinsa. Ko da ba a kai ga kotu ba, hukuncin unguwa yana nan: a kore ta daga makaranta, a fasa aurenta, a goranta wa ƙannenta, ɗan kuma ya tashi da sunan da ba shi ya jawo wa kansa ba. Yarinyar da ke tsaye tsakanin wannan tabbataccen tozarci da ɗaurin da ba ta taɓa ganin an yi wa kowa ba, ba sai an tambayi wanne za ta fi tsoro ba. Jariran da ake tsinta a kwata da bakin kududdufi, waɗanda masu rai a cikinsu ake kai wa gidan marayu na Nasarawa, su ne ɗaya fuskar wannan tsoro. An bar jaki ana dukan taiki, domin wanda ya yi cikin, wanda sau da yawa shi ne ya sayo maganin ya tilasta a sha, shi ne mutumin da dokar ta fi wahalar kamawa.

Duk lokacin da aka tayar da maganar, shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a kulle maganin, a hana shi fita daga asibiti, a ɗaure duk wanda aka kama da shi. Wasu ƙasashe sun gwada. Matan Barazil ne suka fara gano aikin Cytotec a ƙarshen shekarun 1980, daga gargaɗin da aka rubuta a kwalinsa cewa kada mai ciki ta sha, kuma likitocin can sun lura cewa munanan cututtukan mahaifa da ƙarfe da tsinke ke jawowa sun ragu. Gwamnati ta taƙaita sayar da shi a 1991, ta mayar da shi na asibiti kaɗai a 1998. Bai ɓace ba. Ya koma hannun 'yan bayan fage, kuɗinsa ya tashi, jabu ya yawaita, kuma cikin da aka taɓa da magani mara ƙarfi bai fita ba wani lokaci yakan zo da tawaya. A Amurka, bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, a watan Yunin 2022, ta mayar wa jihohi ikon yanke hukunci, jihar Luwiziyana ta sa magungunan biyu a rukuni ɗaya da tramol daga 1 ga Oktoban 2024, da ɗaurin da ya kai shekara biyar ga wanda ya riƙe su babu takardar likita, ban da mai cikin da ta riƙe don kanta. Abin da ya biyo baya nan take shi ne asibitoci suka kwashe misoprostol daga kekunan gaggawa na ɗakin haihuwa suka kulle a akwatin da sai an buɗe da lamba, likitoci suka shiga atisayen gudu don auna mintunan da za a ɓata yayin da mace ke zubar da jini. Wannan a ƙasar da mutuwar baƙar mace wajen haihuwa ta kusa ninka ta farar mace sau uku, kuma mai kuɗi tana iya hawa jirgi zuwa wata jihar ta dawo.

Idan haka ta faru inda kusan kowace mace a asibiti take haihuwa, sai a auna da Arewa maso Yamma, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ko ɗaya cikin biyar ba. Sauran a ɗaki suke durƙusawa, a hannun ungozoma ko uwar miji, a Rimin Kebe ko Kurna ko ƙauyukan da ke bayan Gezawa, kuma jinin haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Allurar oksitosin, wadda ita ce zaɓi na farko wajen tsayar da jinin, tana son firji da mai iya yin allura, ga kuma halin wutarmu; wani binciken inganci da aka yi da NAFDAC a 2016 ya sami kusan uku cikin huɗu na samfurin allurar ba su cika ƙarfinsu ba. Misoprostol ba ya son firji, haɗiya ake yi, shi ya sa aka gwada raba shi ga masu ciki a ƙauyukan Zariya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta amince a kai shi har cikin al'umma. Duk dokar da za ta sa mai kemis ko ma'aikaciyar lafiya ta ji tsoron ajiye shi, matar aure mai haihuwar halal a ɗakinta ita za ta fara biyan kuɗinta, tun kafin ta taɓa wadda aka yi dokar dominta. Mun ga abin da ya faru bayan an hana kodin a watan Mayun 2018: bai bar gari ba, tsada ya yi. Bambancin shi ne babu wanda ke mutuwa don ya rasa kodin.

Wannan ba ya nufin a bar kasuwar magani sakaka. Binciken nan na 2016 ya sami kusan ɗaya cikin uku na misoprostol ɗin da aka gwada shi ma bai cika ba, kuma ƙwayar tana lalacewa da zarar danshi ya shiga ledarta, abin da yankan almakashi da ajiyar ƙarƙashin kanta ke jawowa. Rufe shagunan magani na Sabon Gari da NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka yi a watan Fabrairun 2024, don a tilasta wa 'yan kasuwa komawa cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya, ya jawo ƙorafi mai yawa, amma manufarsa ta sanin inda magani ya fito da yadda aka ajiye shi manufa ce mai kyau. Sa ido a kan inganci yana kare mai jego da mai ɓari baki ɗaya. Mayar da riƙe ƙwayar laifi kuwa yana kore ta ne daga inda ake iya sa mata ido. Haka nan akwai laifin da ya cancanci duk tsananin doka, wato a zuba wa mace maganin a abinci ko abin sha ba da saninta ba, ko a tsare ta a tilasta mata. Dokar Luwiziyana ma daga irin wannan ta samo asali, domin ɗan majalisar da ya kawo ta mijin 'yar'uwarsa ne ya yi mata haka. Sai dai kundinmu ya riga ya tanadi hukunci a kan wannan, har ɗaurin rai da rai idan matar ta mutu ba da yardarta aka yi ba, kuma abin da ya rage shi ne a sami wadda za ta iya kai ƙara ba tare da ta zama wadda ake tuhuma ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu son a ƙara tsanani suke da ita ba ta lissafi ba ce, ta tarbiyya ce: doka tana koya wa al'umma abin da take ƙyama, kuma sassauta ta tamkar buɗe ƙofa ne. Ban raina wannan magana ba, kuma ban ga alamar Majalisar Dokokin Kano za ta bi sawun Tunisiya, wadda ta halatta a watanni ukun farko tun 1973, ko Jamhuriyar Benin da ta faɗaɗa nata a 2021 ba. Ko a Legas, ƙa'idojin da gwamnatin jihar ta fitar a ƙarshen Yunin 2022, waɗanda ba su canza doka ba illa bayyana wa likitoci abin da ta riga ta halatta, an dakatar da su cikin 'yan kwanaki saboda matsin lamba. Amma ƙyamar zubar da ciki a Kano ba daga sashe na 232 ta fito ba, daga gida da makarantar allo da mumbari ta fito, kuma mafi yawan masu ƙyamar ba su taɓa jin lambar sashen ba.

Abin da ke hannu a yanzu shi ne togaciyar da dokar kanta ta yi, ta ceton ran uwa, wadda fiƙihu ma ya yarda da ita. Matsalarta ita ce ba ta faɗi kusancin mutuwar da ake nufi ba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ko sikila da ciki zai iya kashewa a wata na bakwai, shin sai an jira wata na bakwai ɗin? Likitan da ba shi da tabbas yakan zaɓi abin da zai kare lasisinsa, ya tura ta gaba, kuma wadda ake turawa gaba ita ce wadda ba ta da kuɗin zuwa gaban. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji a 2018 da suka jero irin cututtukan da ke shiga wannan togaciya, amma ma'aikata da yawa a ƙananan asibitoci ba su taɓa ganin takardar ba. Batun fyaɗe kuwa yana nan a rataye. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta kare haƙƙin matan Afirka a 2004, wadda sashenta na 14 ya nemi a ba da dama idan fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko barazana ga lafiyar uwa, amma sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka, kuma ba a yi ba. Matan da aka karɓo daga hannun 'yan bindiga a dajin Zamfara da Katsina, waɗanda wasunsu a gidajen 'yan'uwa a Kano suke samun mafaka, suna dawowa da cikin da kundin 1959 bai yi tanadinsa ba. Wannan mas'ala ce da ta kamata Majalisar Malamai da likitocin mata na jihar su zauna a kanta a ɗaki ɗaya, da littattafan mazhabobi huɗu a buɗe da kuma fayilolin sashen gaggawa, su fitar da bayanin da nas a asibitin karkara za ta iya aiki da shi da ƙarfe biyun dare ba tare da ta kira lauya ba.